Mutumin da Ya Dafa Iri

An yi wani mutum a nan yankinmu, can wajen garin Babinda, inda ruwan sama ba ya gajiya da sauka. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana da 'ya'ya da jikoki, su kuwa ba su yi wa kowa laifi ba. Makanike ne, ya ƙarar da ƙarfinsa wajen gyaran motocin yankan rake. Da ya ajiye aiki sai ya faɗa cikin masu sha'awar itatuwan nan dangin kwakwa da giginya. Kun san su. Su ne za ka ga mutum ya taka birki a tsakiyar hanya don ya hango wani baƙon ganye ta saman shingen mutane.

Ya 'yan uwa, sha'awar ba laifi ba ce. Suna da ƙungiyarsu, duk wata su haɗu a lambun ɗayansu, a gasa nama, a sha shayi, a baje ƙwallayen iri a kan tebur cikin 'yan ledoji. Wannan ya saya, wancan ya yi musanya, wani a ba shi kyauta. Wanda ya jawo mutumin nan cikinsu abokinsa ne, wani manomin ayaba mai suna Lindsay Bugeja. Shi ya koya masa yadda ake jiƙa ƙwallo, da yadda ake binne shi a danshi, da yadda ake haƙurin jira.

Komai ya koya, ban da haƙurin. Mutum ne da zuciyarsa ba ta zama wuri ɗaya. In ya ga itace a lambun wani wanda babu a nasa, abinci ba ya shiga. In ya samu, ya kuma ji wani ma ya samu, sai abin ya fice masa daga rai. Lindsay yakan tsokane shi ya ce, "Kai, mutumina, ko Aljanna aka sa ka sai ka leƙa lambun maƙwabci." A yi dariya, shi ma ya yi, amma ta baki ce kawai.

To, a bayan garin Innisfail akwai wata tsohuwa, Concetta Zappala, kowa Inna yake ce mata. Mijinta Salvo, tun yana saurayi yana aikin jirgin ruwa, ya dawo daga wani tsibiri da ƙwallo guda a aljihu, ya binne a bayan gida. Itacen ya tashi ya wuce rufin gidan, ganye ɗaya ya isa ya yi wa mota inuwa. Masana sun zo sun duba, suka ce ba su san irinsa a ko'ina ba, kwarin da Salvo ya tsinto shi kuwa gobara da masu haƙar ma'adinai sun daɗe da share shi. Mutane suka sa masa suna Dogon Salvo. Irin itacen nan ne da sau ɗaya yake fure a rayuwarsa, ya zubar da 'ya'ya, ya mutu.

Salvo bai ga furen ba. Sai da Inna Concetta ta tsufa tukuf, ƙafafunta suka daina ɗaukarta, sannan itacen ya fid da kai, ya yi 'ya'ya buhu-buhu. Labari ya bazu. Daga Darwin, daga Brisbane, har daga ƙasashen ƙetare waya ba ta daina kuka ba.

Tsohuwa ba ta iya wannan ɗawainiya. Ta duba cikin 'yan ƙungiya ta ga babu mai zafin nama kamar makaniken nan, sai ta kira shi. Ta ce ya kwashe duka, ya sayar da araha, kada ya hana kowa. Ta ce ba kuɗin ne ya dame ta ba, ita dai kafin ta bi Salvo tana so ta ji an ce itacen ya tsira a gidaje da yawa. Ya kama hannunta ya ce ta kwantar da hankalinta.

Ya 'yan uwa, mene ne sunan wannan? Amana ke nan. An ɗora masa, ya ce ya ɗauka.

Ya loda buhuna a bayan mota ya kama hanyar gida. Bai kai gida ba Shaiɗan ya zauna masa a kujerar gefe. Ya dinga lissafa masa: nan da 'yan shekaru kowane lambu zai sami Dogon Salvo, yara ma za su riƙa sayar da shi a kasuwar Asabar kusa da masu gwanda, to kai me za ka fi su da shi? Amma in kai kaɗai ke da shi fa? Wa zai buɗe baki a taro kana wurin?

Ya ware masu kyau, manya-manya, ya ajiye gefe. Sauran kuwa ya shiga kicin ya ɗauki babbar tukunyar matarsa Noeline, wadda take dafa taliya in jikoki sun zo, ya cika ta da ruwa, ya bari ya tafasa. Ya riƙa zuba ƙwallayen ciki yana tsamewa. Bai bari sun canza kama ba, ya dai tabbatar ran da ke ciki ya mutu. Noeline ta tambaye shi, ya ce sabuwar dabara ce, tana sa ɓawo ya yi laushi, iri ya tsira da wuri. Ta yarda. Me zai hana ta yarda da mijinta? Har ita ta taya shi shanya su a kan buhu, ta taya shi ƙullawa, ta kai gidan waya da hannunta.

Na Lindsay kuwa da kansa ya kai masa. Ya zauna a barandarsa, ya sha shayinsa, ya ci burodin ayabarsa, ya miƙa masa matattun ƙwallaye yana cewa ya zaɓo masa na musamman.

Ku lura da wayon wannan algus. Wanda ya sayar maka da ruɓaɓɓen kifi, kafin yamma ka gane. Amma ƙwallon itacen nan yakan yi shekara bai motsa ba, wani ma ya fi haka. Mai saye ba shi da abin yi sai jira. Kowace safiya mutane a garuruwa daban-daban suna buɗe leda, suna tona da ɗan yatsa, suna mayarwa. Suna shayar da gawa ba su sani ba.

Nasa kuwa suka tsira. Suka fid da 'yan korayen ganye kamar takubba, reras gwanin sha'awa. Kuna tsammani ya sami natsuwa? Ina! Daga ranar barcinsa ya ragu. Ina zai ajiye su? In ya bar su a rumfar gida, 'yan ƙungiya na shigowa ba sallama, ido ɗaya ya isa. Sai ya kwashe su ya kai can ƙarshen gonarsa, cikin kwari a bakin rafi, ya kafa musu rumfa a bayan ciyawa inda ba a hangowa daga hanya. Ya san wurin gangare ne. Ya san rafin. Amma tsoron idon mutane ya fi masa tsoron ruwa.

Ya zama ba ya iya gama cin abinci sai ya tashi ya je ya duba. In mota ta rage gudu a ƙofar gida, ya miƙe ya leƙa. In waya ta yi ƙara, ya san mai saye ne, sai ya ɗora masa laifi: ka cika ruwa, wurinka da sanyi, ƙasarka ba kyau. A taro in an tambaye shi nasa fa, ya girgiza kai ya ce shi ma shiru. Inna Concetta, wadda a lokacin ta koma gidan ɗanta, takan sa a kira shi ta tambaya ko an ji labari. Ya ce mata haƙuri dai, Inna, abin nan ba ya son gaggawa.

Dogon Salvo ya bushe kamar yadda aka sani zai yi. Aka sare shi don kada ya faɗo wa gida.

Damina ta kama, zafi ya yi nauyi, teku ta ɗumama. Rediyo ya fara sanarwa cewa guguwar teku ta nufo gaɓarmu. Kun san yadda ranar take, kowa na ɗaure rufi, ana layin mai da ruwan sha. A cikin wannan hada-hadar Lindsay ya zo har gida da babbar motarsa. Ya ce ɗakin ajiyarsa na siminti ne, a kan tudu yake, ya kawo duk abin da yake ji da shi a saka.

Ya 'yan uwa, ga ƙofar tsira Allah ya buɗe masa har gida. Abin da ya rage kawai ya ce, zo mu je kwari in nuna maka wani abu. Ya tsaya yana kallon motar. In ya nuna, me zai ce? Yaya nasa suka tsira duka, na sauran mutane ko ɗaya babu? Sai ya ce ba shi da wani abin kirki, ya gode. Lindsay ya ce, "Yau kuma kai ne ba ka da abin kirki? To Allah ya kyauta." Ya ja mota ya tafi.

Guguwa ta zo ta wuce. Ba iskar ce ta yi masa ɓarna ba, ruwan da ya biyo bayanta ne. Rafi ya cika ya shanye kwarin, ya zauna kwana da kwanaki. Da ya janye, mutumin nan ya gangara cikin taɓo har gwiwa. Rumfa babu. Wasu tukwanen sun tafi teku, waɗanda suka maƙale a saiwoyi kuwa da ya taɓa tsiron sai ya zare a hannunsa yana wari.

Sai ga shi yana kiran mutanen da ya cuta ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya ko wani ya tsira, ko guda, zai saya ko nawa ne. Yana fata a ce tukunyar ta yi kuskure. Tukunyar ba ta yi kuskure ba.

Da hanyoyi suka buɗe, ƙungiya ta haɗu a gidan Lindsay don a ga wanda ya yi asara a taimaka masa. Aka turo Inna Concetta a keken guragu. Hira ta zagayo kan Dogon Salvo, kowa na faɗin irin wahalar da ya sha a banza. Noeline na raba farantai, ta ji, sai ta ce da zuciya ɗaya, "Ni abin na ba ni mamaki. Duk tafasawar da ya yi musu don su fito da wuri, har tukunyar taliyata ta yi baƙi."

Lindsay ya ajiye abin juya naman da ke hannunsa, ya tambaye ta a hankali ko ta ce tafasawa. Ta dubi fuskokin mutane, ta dubi mijinta, sai ta gane abin da ya yi.

Ba wanda ya zage shi. Tsohuwar ce kawai ta sa aka juyo da kekenta ta fuskance shi. Ta ce, "Ɗana, na ji abin da ka yi. Abu ɗaya nake tambaya. Ka bar ko guda?"

Ya girgiza kai. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce wa ɗanta ya mai da ita gida, ta gaji. Ba ta ga wata daminar ba.

Daga nan komai nasa ya warware. Ba kotu, ba ɗan sanda, mutane dai suka janye. Ba mai saya a wurinsa, ba mai sayar masa. In ya shiga kasuwar Asabar, masu tebur su sunkuyar da kai. Noeline ta ce ba za ta iya haɗa ido da mutanen da ta aika wa gawa da hannunta ba, ta tattara ta koma wurin 'yar'uwarta a Townsville. Lambunsa ciyawa ta haye shi, don ba ya zama balle ya kula. Kullum yana cikin mota, daga Tully zuwa Mossman, yana leƙen shingaye, wai ko tsuntsu ko jemage ya yar da ƙwallo wani wuri. Waɗanda suka sayi tsohon gidan Inna Concetta sun sha fitowa da safe su tarar da dattijo durƙushe a gindin kututturen Dogon Salvo yana tonon ƙasa da farce. Tun suna ba shi ruwa, har suka kai ga kulle ƙofa. Ni da idona na gan shi a gefen hanya, mota a buɗe, yana tsaye yana kallon daji, leɓensa na motsi.

Ya 'yan uwa, wa ya cuci mutumin nan? Guguwa ce? Guguwa ta bi ta kan kowa. Da ya raba irin nan yadda aka ce masa, ruwa ya ci nasa, da washegari hannuwa goma sun miƙo masa wani. Da hannunsa ya toshe duk ƙofar da taimako zai shigo. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Kada wani ya ce ni ba na shuka itace. Kowannenmu akwai irin da aka damƙa masa. Wani sana'a ce, yana koya wa na ƙasa da shi rabi, yana ɓoye rabi. Wani ilimi ne. Wani shawara ce aka zo nema, ya ba da wadda ya san ba za ta haifar da komai ba, don kada ɗan'uwansa ya kamo shi. Yana murmushi yana miƙa dafaffen iri. Mutane ba su gani ba, amma Wanda ya sa rai a cikin ƙwallo yana gani.

Mai hassada ba ya hutawa kafin ya samu, ba ya hutawa bayan ya samu. In kana da abin da kake ɓoyewa a kwari, ɗan'uwana, je ka ɗauko shi tun mota na tsaye a ƙofarka, tun kana da bakin da za ka ce na yi laifi.

Allah ya wanke zukatanmu daga ƙyashi, ya ba mu ikon sauke amana, ya sa abin da ya fita daga hannunmu ya zama mai rai. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.