Ranar da Madam Raihanatu ta shayar da albasar Abarshi

Akwai wata malama da ake kira Madam Raihanatu, tana koyar da ƴan aji biyar a wata lakwal firamare cikin ƙasar Tsarnawa. Ƴar Birnin Konni ce, can ta tashi. Kullum da safe ɗan kabu-kabu ke sauke ta bakin lakwal, ta sauko tana kakkaɓe zane kamar babur ɗin ne ya yi mata laifi.

Shekara shida tana koyarwa a kan kwantiragi. Sai ga takarda ta zo cewa ansfekta, mai duba aikin malamai, zai zo ranar Alhamis ya ga darasinta. In ya sa hannu, za a ɗauke ta aiki na dindindin. In bai sa ba, ta koma bayan layi, kuma ba wanda ya san ranar da layin zai sake zuwa kanta.

Tun daga ranar Madam ta rasa wurin zama. Ta je allo, ta dawo tebur, ta leƙa taga, ta sake komawa allo. Alli uku ta karya a yini ɗaya.

Darasin da ta zaɓa shi ne abin da tsiro ke buƙata don ya rayu. Ta ce ba za ta yi shi cikin aji kamar kowa ba. Fita za ta yi da yara zuwa garka, ansfekta ya ga malama mai sabon salo.

Garkar da ta fi kusa da lakwal ta Malam Abarshi ce, manomin albasa. Ɗiyarsa Zalika tana cikin ajin, yarinya ƴar shekara goma sha ɗaya, marar yawan magana. Madam ta aike ta neman izini.

Washegari Zalika ta kawo amsa.

"Madam, Baba ya ce ku zo. Ya ce kuma in kuna so, shi tsaya shi yi ma yara bayani."

Madam ta ɗaga gira, ta dube ta ta saman tabarau.

"Bayani? Aji nawa babanki ya yi?"

"Bai yi lakwal ba, Madam."

"To ki ce masa na gode. Gonarsa na roƙa, ban roƙi bakinsa ba. Bayani yana nan cikin littafi."

Zalika ta koma wurinta. Da ta je gida, rabin saƙon kawai ta faɗa wa babanta, ta haɗiye sauran. Abarshi ya ce ba komai, dama ranar yana da zuwa Konni neman buhuna, don girbi ya kusa.

Ranar Alhamis Madam ta riga kowa zuwa. Ta jera yara arba'in da uku biyu-biyu, ta warware su, ta sake jera su bisa tsawo. Ta sa kowa ya riƙe bidonsa, wato ƴar jarkar ruwa. Ta duba agogo sau ba adadi.

Ansfekta ya iso wajen ƙarfe tara. Ana ce masa Mushe Abdulwahab, wato Malam Abdulwahab da Faransanci, dogo, da takalmi mai sheƙi da jaka a hammata. Shi ma mutumin birni ne. Yana da ɗabi'a ɗaya: kafin ya ce komai sai ya yi gyaran murya, ya ce "To, to, to."

Suka kama hanya, Madam a gaba tana sauri, tana waiwaye, tana tsawa da Faransanci a yi shiru.

"Silans. Layi. Fahad, fitar da yatsa daga hancinka, ansfekta na kallonka."

Da suka isa garkar, Madam ta tsaya cak. Albasar duk ta kwanta. Ganyen ya karye daga wuya, ya yi rawaya, ƙasar fangali, wato kwamin shukar, ta bushe har ta tsage. Ga rijiya kusa, cike da ruwa.

Wani murmushi ya zo mata. Ta ga darasinta shimfiɗe a ƙasa yana jiranta.

"Yara, ku duba da kyau. Me ya sami wannan tsiro?"

"Ƙishirwa, Madam," in ji masu son a gan su.

"Madalla. Kun ga abin da sakaci ke jawowa. Ruwa ga shi, amma mai gona ya tafi yawo. Yau za mu ceci albasar nan. Kowa ya buɗe bidonsa, in ya ƙare a ɗebo a rijiya."

Zalika ta ɗaga hannu. Madam ta yi kamar ba ta gani ba. Yarinyar ta fito daga layi.

"Madam, don Allah kada a zuba. Ba a..."

"Silans. Wa ya tambaye ki?"

"Madam, da gangan anka..."

"Kunya kike ji an ga gonar babanki? Ki ji kunyar, ita ma darasi ce. Koma layi."

Mushe Abdulwahab ya yi gyaran murya. "To, to, to. Darasi a aikace. Haka muke so." Ya rubuta wani abu cikin takardarsa. Har ya miƙa wa wani yaro jakarsa, ya karɓi bido, ya shayar da albasa biyu da hannunsa, yana janye ƙafa don kada takalmi ya jiƙe.

Yara kuwa abin nema ya samu. Wasu na jan guga, wasu na gudu da bido, wasu na watsa wa juna. Zalika kaɗai ke tsaye gefe, ta rungume bidonta a rufe, tana duban hanya.

Sun jiƙe fangali shida sharkaf sai ga amalanken jaki ya tsaya bakin shinge. Abarshi ya sauko daga kan buhuna. Maƙwabtansa biyu da suka hango abin da ke faruwa suka biyo shi da sauri.

Ɗayansu bai ko yi sallama ba.

"Wa ya sa ku wanga aiki? Albasa ta nuna, kwana goma da yanke mata ruwa, ku zo ku zuba mata? Ku kun taɓa ganin an shayar da albasa ana gobe cire ta?"

Madam ta buɗe baki. "Ai ganyen ya bushe, littafi ya ce..."

"Ganyen shina bushewa don ta gama girma ne, Madam. In ta sha ruwa yanzu, ba ta ajiyuwa. Ka sa ta cikin rudu, ta ruɓe, ta ruɓar da ƴan'uwanta."

Rudu shi ne ɗan ɗakin kara da ciyawa da manoma ke ajiye albasa ciki har wata da watanni. Abarshi ya gyara nasa tun makon da ya wuce.

Mushe Abdulwahab ya ajiye bidon a hankali bayan ƙafarsa, kamar ba shi ya riƙe ba. Ya karɓi jakarsa. Ya yi gyaran murya.

"To, to, to. Madam, ashe ba ki binciki wurin ba kafin ki kawo yara? Wannan babban kuskure ne. Ni dama tun ɗazu nake shakka."

Maƙwabcin ya ce, "A tahi wurin mai gari. A rubuta, a kai buro, wurin hukuma. Wahalar wata huɗu ce."

Madam ta yi lissafi cikin ranta. Ƙara ɗaya daga manomi, ga ansfekta a tsaye, shekara shida sun tafi a banza. Ta dubi Abarshi, mutumin da ta ce ba ta roƙi bakinsa ba. Yanzu komai nata yana cikin bakin nan.

Abarshi bai yi sauri ba. Ya tsuguna, ya tura yatsa cikin laka, ya ciro albasa ɗaya, ya juya ta. Ya daɗe yana kallon fangalin shida. Kowa ya ga abin ya ci masa rai.

Sannan ya tashi ya ce, "Ba inda za a tahi. Baƙo ba shi sanin hanyar ruwa sai an nuna masa. Da na tsaya da hakan bai faru ba."

Ya juya ga yaran. "Ku taho nan, ƴaƴana. Tunda an riga an zuba, kada ruwan shi tahi banza. Wagga da ta sha ruwa za mu ware ta gefe guda. Mu ɗebi kwando ɗaya daga cikinta, kwando ɗaya daga busassa, mu ajiye. Bayan sati uku ku dawo ku gani da idonku."

Sai ya dubi ansfekta. "Mushe, in da hali, kai ma ka dawo rannan. Kada ka yanke ma Madam hukunci da yini ɗaya. Ni ma shekarata ta fari sai da na ruɓar da rudu guda."

Mushe Abdulwahab ya dubi jiƙaƙƙen bakin wandonsa. Ya san yara arba'in da uku sun gan shi da bido. Ya ce, "To, to, to. Sati uku."

A hanyar komawa ba a ji "silans" ko sau ɗaya ba.

Da aka tashi lakwal Madam ba ta kira ɗan kabu-kabu ba. Ta bi Zalika har gida, ta durƙusa ta gaida Abarshi.

"Baba, na yi laifi biyu. Ɗaya ka gani. Ɗayan na aiko Zalika da shi, ban sani ba ko ta faɗa maka."

"Ba ta faɗa ba, kuma ki bar shi wurinki. Zauna."

Ta ce Asabar za ta kawo duk yaran da iyayensu suka yarda, su taya shi girbi. Haka aka yi. Yara suka yanke ganye, suka ware, suka kwashe zuwa inuwa. Aikin da Abarshi ya saba yi kwana huɗu ya ƙare kafin la'asar. Ta fangali shidan kuwa, banda kwando ɗaya, aka kai kasuwa da wuri kafin ta lalace. Madam da kanta ta yini tana tambaya, Zalika na ba ta amsa, ita kuma tana rubutawa.

Bayan sati uku ansfekta ya dawo. Aka fito da kwando biyu gaban yara. Ɗaya albasa jawur, ɓawonta na ƙara in an taɓa. Ɗayan tun kafin a buɗe yaran gaba suka toshe hanci.

Madam ta ce, "Zalika, fito ki gaya mana dalili."

Yarinyar ta fito. Ta yi bayanin lokacin da albasa ke son ruwa da lokacin da ruwa ke kashe ta. Yara suka yi ta jefo tambaya, wadda ta fi ƙarfinta babanta ya amsa. Madam ta tattara duka a kan allon da suka ɗauko, yara suka kwafa.

Mushe Abdulwahab ya sa hannu nan bakin rudu, jakarsa a kan gwiwa.

Da yara suka kama hanya, Madam ta tsaya baya.

"Baba, da me zan saka maka?"

Abarshi ya nuna Zalika da haɓa, tana can gaba cikin layi.

"Ki koya mata karatu har ta wuce ki. In ta wuce ki, kada ki ji haushi."

Darasi: Ilimi ba cikin littafi kaɗai yake ba, wani yana hannun mutumin da ka raina, wani yana bakin yaron da ka hana magana. Ka tambaya kafin ka gyara abin da ba ka sani ba. In kuma mai laifi ya faɗo hannunka, ka tuna haƙuri yana gyara abin da ƙara ba ta gyarawa. Ku tura wa malamai da iyayen da kuka sani, wataƙila wani ya saurari yaronsa yau.