Mutumin Da Bai Raka Ƙaninsa Ba

An yi wani mutum a nan Garwa, a shekarun da kasuwa ta fara sanyi, albashi ya daina fita a kan lokaci. Ba zan kama sunansa ba, 'ya'yansa suna nan da ransu. Atamfa yake sayarwa, jikan fatake ne, kuma Allah ya ba shi baki. In ya zauna a inuwar darbejiyar ƙofar gidansa, Hausa da Fulatanci da Faransanci zuba suke kamar ruwan famfo. Mai tallan kifi takan tsaya da tire a ka har ta manta inda za ta.

Sai dai, ya 'yan uwa, bakin nan ya cinye kunnen. Ka ce masa, "Jiya na je..." kafin ka faɗi inda ka je ya karɓe, ya shiga ba ka labarin tasa tafiyar. Matarsa Halime ta daina fara magana, don ta san ba ita za ta ƙarasa ba. Shi kuwa gani yake alheri yake raba wa jama'a. Girman kai ne wannan, ko da kuwa da fara'a ya zo.

Mahaifiyarsa tana can Maga, wurin ƙaninsa Dawuda, masunci, mutum mai nauyin baki. Da jikinta ya tsananta sai ta ce wa Dawuda, "Je ka kira mini yayanka. Amma kada ka faɗa masa a gaban mutane ka tayar masa da hankali. Bari sai ya taka maka."

Kun dai san al'adarmu. Babbar magana ba a zube ta a tsakiyar majalisa. Baƙo zai gaisa, ya sha ruwa, ya tambayi iyali, can ya ce zai koma. Mai gida ya tashi ya raka shi. Sai sun karya kwana, su biyu kaɗai, sannan baƙon ya rage tafiya ya ce, "Dama..." Ai don wannan aka yi rakiya.

Dawuda ya biyo mota ta Marwa, ya iso da farar ƙurar garin Figil na kan hanya a girarsa. Mutumin nan ya yi murna da ganinsa, murna ta gaskiya. Ya ce, "Ya Inna? Lafiya lau, na sani, tsohuwar nan ƙarfe ce." Shi ya yi tambaya, shi ya ba kansa amsa. Ya koma kan labarin da yake bayarwa, na wata dorina da ta tare musu jirgi a hanyar Yola.

Aka kawo tuwo, Dawuda bai taɓa ba. Hularsa kawai yake murzawa. Da la'asar ta yi ya ce, "Yaya, zan kama hanya."

Ina tambayarku, wa zai taso tun daga Maga ya ƙi kwana in babu dalili? Ko jinjiri ya ga fuskar nan ya san da magana. Amma labarin dorina ya zo daidai wurin daɗinsa.

Dawuda ya tsaya a bakin tabarma da takalmi a hannu. Ya ce a hankali, "Yaya, ko za ka ɗan taka mini?"

"Haba Dawuda, hanyar tasha ka manta? Ka gaida Inna, ka ce ina tafe bayan Sallah."

Majalisa ta yi dariya. Dawuda ya shiga ciki ya bar saƙo wurin Halime, ya fito, ya daɗe tsaye a kwanar layin yana waige. Babu wanda ya taso.

Da yamma Halime ta daure ta ce, "Malam, Dawuda ya ce jikin Inna..." Ya ce, "Ciwon ƙafar nan ne, na san shi, na ware mata magani da atamfar Sallah." Ta sake buɗe baki, ya ce mata ai ba ta fi shi sanin uwarsa ba.

Bayan 'yan kwanaki, da tsakar rana, barci ya ɗauke shi a inuwar darbejiyar. Ya ga tafkin Maga ya kwanta lumui, furen bado ya rufe shi. Ga Inna a cikin kwalekwale da farin mayafi, babu mai tuƙa ta, ruwa na jan ta sannu sannu. Tana kallonsa, leɓenta na motsi. Ya kasa kunne, amma wani mutum a bakin gaɓa yana ta zuba labari, muryarsa ta rufe komai. Ransa ya ɓaci, ya juya don ya tsawata wa mai surutun nan. Sai ya ga kansa ne zaune a tabarma. Kafin ya waiwayo, kwalekwalen ya shige cikin haske.

Sallamar ɗan aike ce ta tashe shi. Inna ta cika.

Ko da ya isa Maga an riga an rufe ta. Ya ja Dawuda bakin tafki ya ce, "Me ta ce?" Ran nan ne ya fara yin tambaya ya tsaya jiran amsa.

Dawuda ya ce, "Idonta na kan ƙofa har ƙarshe. Ta tambaye ni ko ka raka ni, na ce mata kana da baƙi. Ta ce akwai maganar da ta ajiye maka, ba ta aike ba ce. Na roƙe ta ta faɗa mini, ta ce taka ce. Da ita ta tafi, Yaya."

Mutumin nan ya dawo Garwa ba shi ba ne. Bakin ya kafe. Shagon ya rufe, majalisa ta watse, tabarmar ma rana ta cinye ta. Abin da ya rage masa rakiya. Duk wanda ya gifta ta ƙofar gidansa, ya san shi ko bai san shi ba, sai ya miƙe ya bi shi a kafaɗa, kai a sunkuye, wani lokaci har gadar Binuwai. In mutum ya rage tafiya, shi ma sai ya tsaya cak yana kallon bakinsa. Ni da kaina ya taɓa raka ni, wallahi sai da na yi hawaye, don ba ni da abin da zan faɗa masa.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai yi sata ba, bai sha giya ba, sallarsa a jam'i. Hakkin sauraro kawai ya danne. In ka yi tambaya, jira amsa. In ɗan uwanka na magana, dubi fuskarsa, bari ya kai ƙarshe. In matarka ta fara, kada ka ƙarasa mata. In baƙo ya tsaya da takalmi a hannu, ajiye labarinka ka tashi, labarin yana nan gobe, mai saƙon ne ba lalle ba.

Allah ya kiyaye mu daga son jin muryarmu. Allah ya sa mu ji kiran iyayenmu tun suna iya kira. Amin.