Rahoton Dakta Mordecai da Daddawar Mama Bolanle

Akwai wani malamin jami'a a Samaru, Dakta Mordecai, da Allah ya ɗora wa son jemagu. Ɗalibansa ma Baban Jemage suke ce masa a bayan ido. Shekara shida ya yi yana bibiyar su a wani kurmin maɗaci da ke bayan Bomo, har ya gano cewa su ne ke kai ƙurar fure daga wannan ɗorawa zuwa waccan. In babu su, ɗorawa ba ta 'ya'yan kirki.

A 2006 sai aka ce za a sare kurmin a yi katako. Bawan Allah ya zauna ya zuba rahoto shafi ɗari biyu, Turanci zalla, ya kai ofishin da abin ya shafa. Aka karɓa hannu bibbiyu, aka ce za a duba. Wata uku shiru kake ji.

Ran nan matarsa Scholastica ta dawo da cefane daga kasuwar Sabon Gari. Yana leƙa kwando sai ga daddawa a naɗe cikin shafi na saba'in da huɗu na rahotonsa. Wallahi saura kaɗan ya yi kuka.

Washegari ya sa ta kai shi wurin mai daddawar, Mama Bolanle, Bayarbiyar da ta shekara talatin a kasuwar.

"Mama, ina kika samo takardar nan?"

"Tsofaffin takardun ofis ne, a kilo nake saye, ɗana. Kauri gare ta, ba ta yagewa. Me aka rubuta a ciki?"

Dakta ya gyara tabarau ya soma jero Turanci. Mama ta ɗaga hannu.

"Haba, yi mini Hausa mana."

Ya nisa. "Jemage ne ke sa ɗorawa ta haihu. Mako biyu ya rage a sare gidansu."

Mama ta ajiye ƙullin da ke hannunta. Da kalwa, ƙwayar ɗorawa, take yin daddawar da ta riƙe gidanta.

"Wato in sun tafi, kalwa ta tafi?"

"Ƙwarai kuwa."

"Kai Dakta! Magana layi biyu ka je ka ɓoye ta cikin shafi ɗari biyu?"

Kafin mako ya zagayo ta tattaro masu daddawar Sabon Gari da matan Bomo masu roron ɗorawa. Suka cika ofishin nan maƙil, suka tura Dakta gaba. Minti biyar ya yi magana da Hausa, Mama na gefensa tana gyaɗa kai. A zaman aka hana sare kurmin, aka kafa doka ta danƙa tsaronsa ga mai unguwar Bomo da matan. Dokar duka shafi ɗaya ce.

Da ya je yi mata godiya, ya tarar ta liƙa takardar dokar a jikin rumfarta. Ta ƙulla masa daddawa kyauta tana dariya.

"Ka ga wannan, ɗana? Ita kam ba zan naɗe komai da ita ba."

Darasi: Ilimi ba ya kare komai sai ya isa kunnen waɗanda abin ya shafa, da harshen da suke ji. Kada ka raina mai rumfa, wataƙila ita ce za ta mayar da bincikenka doka. Ku tura wa wani mai ilimi da kuke ƙauna.