Tagar Idon Mikiya

Akwai wani mai ɗaukar hoto da unguwa ta laƙaba wa Idon Mikiya, don ko ƙuda ya gifta bayan amarya sai ya gan shi. Shagonsa a jikin gidansa yake, ƙofa ɗaya ce ta raba su.

Sai ga shi idon mikiyar ya fara hazo. Ƙananan rubutu suka koma masa kamar jerin tururuwa. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa, domin ya san ranar da aka ji mai hoto ba ya gani, ranar zai rufe shago.

Abin da ya rufa masa asiri shi ne kwamfutarsa. Kullum da safe yakan tarar da tagar fayiloli a buɗe, ta cika fuskar kwamfutar, hotuna manya-manya kamar tafin hannu. Har alfahari yake yi wai na'urar ta san ubangidanta.

Matarsa ce ke share shagon ta kunna masa kaya kafin ya fito. Ta taɓa ce masa ya riƙa rufe tagar da hannunsa kafin ya kashe, ya daina fizge waya daga soket. Ya yi dariya ya ce hannun da ya saba da muciya ina ruwansa da maus ɗin kwamfuta. Ba ta sake tayar da maganar ba.

Wata ranar Laraba matar ta tafi jinyar mahaifiyarta. Washegari da hantsi shugabar wata makaranta ta shigo tana sauri. Hoton ɗaliba ɗaya take nema cikin ɗari biyu da ya ɗauka, kuma ƙarfe sha biyu za a rufe rajistar jarrabawa.

Ya kunna kwamfuta. Tagar ta fito 'yar mitsitsiya a kusurwa, babu hoto ko ɗaya, sai sunaye sirara. Ya nemi bakinta ya ja, kibiyar maus ta ɓace masa. Ya kashe ya sake kunnawa. Ta dawo yadda take.

Shugabar tana tsaye a kansa, har yana jin ƙamshin turarenta. Ta duba agogo, ta dube shi.

"Malam, lafiya kake manna hanci a gilashi? Na ji ana wata magana a kan idonka, na ce ƙarya ce."

Ya ce mata na'urar ce ta tashi da rigima, bari ya kira mai gyara. Ya koma bayan labulen ɗaukar hoto ya kira matarsa.

Bai gama kame-kame ba ta katse shi a hankali. Ta ce ya koma ya zauna, waya a kunne, ya kai kibiya can saman tagar ya danna sau biyu. Tagar ta baje. Ta ce ya danne maɓallin ƙarshe na ƙasa ta hagu, ya murza tayar maus gaba. Hotuna suka yi ta kumbura har fuskokin yara suka fito sarai.

Shugabar ta nuna ɗalibarta da yatsa, ya buga mata, ta karɓa. A bakin ƙofa ta ce dama ta san hassada ce kawai ta mutane.

Har lokacin wayar na kunnensa. Da ƙyar ya tambayi matarsa a ina ta koyi wannan.

"Wata takwas ke nan ina yi kullum, Baban yara. Tun ranar da na ga ka zuba gishiri a shayi ka shanye don kada in gane."

"Me ya hana ki faɗa min?"

"Kai ma ai ba ka faɗa min ba. Na ce bari in riƙe maka har ka shirya."

A yammacin nan ya rufe tagar da hannunsa, ya kashe kwamfutar ta hanyar da ta dace. Da safe ya kunna, ta buɗe da faɗinta.

Ranar da matar ta dawo ta ɗauki tsintsiya ta shiga shago, sai ta tarar an riga an share. A gaban kwamfutar kujeru biyu ne. Yana tsaye da hularsa a hannu.

"Ranki ya daɗe," in ji shi, "in kin huta, ki raka ni wajen likitan ido. Ba na son in tsallaka titi ni kaɗai."

Darasi: Abin da kake zaton yana gyara kansa, sau da yawa hannun wani ne ke gyara maka shi a ɓoye. Kada ka raina shawarar na kusa da kai, kada kuma ka ɓoye rauninka ga mai ƙaunarka. Ku tura wa wanda ke buɗe muku taga kullum ba tare da ya nemi godiya ba.