Kututturen da Aka Binne a Gonar Kwakwa

Akwai wani mutum a ƙasar da damina take daɗewa, wanda ya ci gadon gonar kwakwar manja daga mahaifinsa. A tsakiyar gonar akwai wata tsohuwar kwakwa wadda ta daina haihuwa, rassanta suka bushe suka rataya a jikinta. Sai mutumin ya sa gatari ya kayar da ita. Da ya duba kututturen, ya ga cikinsa ya yi laushi, yana wari kamar ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Ya san tone shi aikin maza biyar ne, dole sai an roƙi maƙwabta. Shi kuwa ba ya son roƙo, ba ya kuma so a ce gonar gidansu tana da ciwo. Ya tara ƙasa a kai, ya tattake, ya dasa sababbin kwakwa kewaye da wurin.

Shekaru suka wuce. Itatuwan suka girma, suka yi 'ya'ya jajaye, matarsa Kande tana dafawa tana dakawa tana tace manja, har mutumin ya manta da abin da ya rufe.

Wata damina Kande tana tsintar naman kaza don miya, sai ta tsaya a gindin wata kwakwa, ta kira shi. Wani abu ya fito a jikin itacen dab da ƙasa, mai faɗi kamar kunne, samansa ja yana ƙyalli kamar an shafa masa mai, bakinsa fari, ga tauri kamar katako.

Ya ce, "Naman kaza ne. Ba shi kike tsinta kullum ba?"

Ta ce, "Maigida, naman kaza iri-iri ne. Akwai na miya. Akwai mai cin ruɓaɓɓen ganye ya mai da shi taki. Akwai farin zaren da ke kwance a jikin saiwa, itacen da yake da shi ya fi ƙoshi. Wannan kuwa itace mai rai yake ci. Na gan shi a gonar kawuna ina yarinya. In ka ga ya leƙo waje, ya riga ya gama da ciki."

Mutumin ya zare adda, ya ɓalle abin, ya wurga shi cikin rafi. Ya ce, "To, ina yake yanzu? Kada in ji wannan magana a bakin rijiya."

Bayan mako biyu kunnen ya dawo, da wani a gefensa. Ya ɓalle su. Sai ya fito a kwakwa ta biyu, sa'an nan ta uku, yana bin itatuwan ɗaya bayan ɗaya, yana zagaya wurin nan da aka tattake. Tun daga lokacin mutumin ya riƙa riga kowa zuwa gona, ya ɓalle, ya shafa laka a kan tabon. Daga nesa gonar tana nan kore shar, masu wucewa suna yaba ta. Amma shi ya lura sababbin rassa na tsakiya sun ƙi buɗewa, suna tsaye cak kamar an kafa mashi. Tsuntsayen da suka saba saƙa sheƙa a wurin suka koma wasu itatuwa. Ƙasar tsakiya ta ɗan lotsa, in ya taka sai ta nutse a hankali. Wata rana ya ƙwanƙwasa gindin kwakwar farko da ƙotar adda, ta amsa masa kamar ƙwarya a kife. Ya ja da baya. Ya waiwaya, ba kowa, sai kunnuwan nan a jikin itatuwa, kamar suna sauraron numfashinsa. Bai sake ƙwanƙwasawa ba.

Damina ta wuce, lokacin sarar kwakwa ya yi. Mutumin yana da ƙane, sunansa Kefas, gwanin hawa ne, shi yake sare masa 'ya'yan kowace shekara. Ranar Kande ta tafi kasuwa. Kefas ya hau itace goma lafiya, ya iso gindin kwakwar nan da kunnen ya fara fitowa a jikinta da rana tsaka, ya ɗaga kai.

Ya ce, "Yaya, wannan lafiyarta kuwa? Ganyenta ya yi fari-fari."

Da safiyar nan mutumin ya ɓalle kunne uku a jikinta, lakar ma ba ta gama bushewa ba. Maganar ta zo masa har baki. Sai ya ce, "Lafiya lau. Rani ne."

Kefas ya zagaya igiya, ya kama hawa. Ba iska ko kaɗan, ko ganye ɗaya ba ya motsi. Da ya kai kusa da kan itacen, ya ɗaga adda, sai kwakwar ta fara karkata. Ba ta yi ƙarar da itace mai rai yake yi in zai karye ba. Wani sauti ne kawai ya fito daga gindinta, kamar ajiyar zuciya, ta kwanta da shi. Wata ƙura ja-ja ta tashi daga karayar, ta daɗe tsaye a iska.

Kefas bai mutu ba, amma ƙugunsa ya karye. Maƙwabta suka sheƙo da jin ihu. Wani dattijo ya sa hannu cikin gindin itacen, ya damƙo shi kamar jiƙaƙƙiyar dusa. Suna ɗaga Kefas, ya dubi wansa ya ce, "Yaya, ka sani?"

Mutumin ya durƙusa cikin ƙurar, ya ce, "Na sani. Tun bara na sani."

Da aka kwana biyu, maƙwabtan suka zo da diga da gatari, ba tare da ya roƙe su ba. Suka tone tsakiyar gonar. Kututturen yana nan bai tafi ko'ina ba, saiwoyinsa suna manne da saiwoyin sababbin itatuwa, ruɓar tana bi ta cikinsu. Suka fitar da shi suka ƙone, suka sare kwakwa tara, suka haƙa rami kewaye da wurin. Mutumin ya so ya cinna wa gonar duka wuta saboda baƙin ciki, amma Kande ta hana, ta ce naman kaza masu amfani da ke cikin ƙasa ba su yi laifi ba. Sauran itatuwan suka tsira. Kefas ya gafarta wa wansa, amma har ya tsufa da sanda yake tafiya, bai kuma sake hawa ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: kututturen shi ne zunubin da mutum ya daina yi a fili, amma bai furta ba, bai tuba ba, rufe shi kawai ya yi. Wata gaba ce da ka ƙi warwarewa, ko wata ƙarya da ka gina gida a kanta. Ba ya mutuwa a cikin ƙasa, yana neman saiwar abin da ka dasa daga baya, aurenka da 'ya'yanka da hidimarka a ikkilisiya. Sa'ad da alama ta fito, wani mai ƙaunarka ya nuna maka, kada ka zare masa adda. Da yawa a cikinmu mun ƙware wajen ɓalle kunne da shafa laka kafin mu zo sujada ran Lahadi, amma Ubangiji ciki yake dubawa, yana kuma shirye ya gafarta wa duk wanda ya furta. Ba za ka iya tone shi kai kaɗai ba, shi ya sa Allah ya ba ka 'yan'uwa. Ka nemi dattijo ko mai bi amintacce, ka faɗa masa yau, kada ka jira gobe. Gama kai ka san itacen da ya ruɓe a gonarka, akwai kuwa wani wanda ya amince da kai, ya riga ya zagaya igiyarsa, yana jiran amsarka.