Masunci da Dalmar Mahaifinsa

Akwai wani mutum masunci, sunansa Zakka, yana zaune da matarsa Bilhatu da 'ya'yansu huɗu a bakin wani babban tafki. Ƙaƙƙarfan mutum ne. Da fatsa yake kamun kifi, zarensa kuwa mai kauri ne kamar igiyar shanya, domin ya saba in kifi ya kama sai ya fizgo shi da ƙarfin damtse ya jefa cikin jirgi. Kusa da ƙugiyar yakan ɗaura wata dalma mai girman goro don ta nutsar da zaren, wadda ya gāda daga mahaifinsa. Ba ya bari kowa ya taɓa ta.

Wata shekara rani ya yi tsawo. Ruwan tafkin ya janye, ya kwanta, ya yi garau har mutum yana hango duwatsun ƙasa. Kifaye suka koma cikin zurfi, suka laɓe tsakanin duwatsu. Zakka yakan jefa fatsarsa, yana kallo kifi ya zo, ya kewaya ƙoton da ke ƙugiyar, ya ga zaren, ya juya abinsa. Mako uku ke nan yana dawowa gida da jirgi wayam.

Ran nan Bilhatu ta ce masa, “Maigida, dawar rumbu ta kusa ƙarewa. Yayana ya aiko, ya ce akwai aikin gadi a birni. Ko za ka sayar da jirgin?”

Zakka ya ce, “Kifin nan yana nan, da idona nake ganinsa. Ba zan bar ruwan nan ba.”

Sai ya tashi ya tafi wurin Keziya, ƙanwar mahaifinsa, tsohuwa mai banda kifi, wadda mijinta marigayi ya yi suna wajen kamun kifi a shekarun fari. Ya same ta tana gyara itace a murhu, ya durƙusa ya gaishe ta, ya faɗa mata damuwarsa.

Ta ce, “Miƙo fatsar in gani.”

Ta murza zaren tsakanin yatsunta, ta yi dariya. “Zakka, da wannan ai akuya za ka ɗaure. Ruwa ya yi haske, kifi ma yana da ido.”

Ta shiga ɗaki ta fito da wani zaren roba siriri kamar gashin wutsiyar doki. Ta nuna masa yadda mijinta yake yi: a ɗaura ƙugiya kamu ɗaya kafin ƙarshen zare, dalma kuwa a can ƙarshe, domin dalmar ta zauna a ƙasa, ƙoto kuma ya tsaya a sama da duwatsu daidai bakin kifi. Ta kawo 'yan ƙananan dalma kamar ƙwayar gyaɗa ta zuba masa a hannu.

Ta ce, “Ka zaɓi wadda za ta kai ka ƙasa kawai, kada ta fi haka nauyi. Ɗaurinta kuma sako-sako za ka yi. In ta maƙale a dutse, bari ta zame ta tafi.”

Zakka ya ce, “Goggo, zaren na karɓa, na gode. Amma dalma ina da ta Baba.”

Ta dube shi, ta koma gyaran itacenta.

Kashegari ya shiga ruwa da sabon zaren. Dalmar mahaifinsa ya ɗaura, ya ƙulle ta ƙulli uku don kada ta ɓace. Ya sa ɗan ƙaramin kifi a ƙugiya, ya saki zaren har ya ji ya taɓa ƙasa. Rana ba ta yi tsaka ba sai ya ji an ja. Giwan ruwa ne, babba. Ya tuna zaren ba ya son fizga, ya bi shi a hankali. Kifin ya yi gabas, ya yi yamma, sai zaren ya tsaya cak. Dalmar ta shige tsakanin duwatsu biyu. Kifi yana ja ta can, dutse yana riƙe ta nan, ƙullin kuwa ya ƙi sakewa. Zakka ya ɗan ɗaga hannu, sai ya ji zaren ya yi sakayau. Ya tsinke. Kifi ya tafi, ƙugiya ta tafi, dalmar mahaifinsa ma ta zauna a ƙasan tafki.

Ya daɗe zaune cikin jirgin, kansa a sunkuye. Da ya koma gida bai iya cin tuwo ba. Bilhatu ta ajiye masa ruwa, ta ce, “To, yanzu fa?”

Ya ce, “Gobe zan koma.”

Da gari ya waye ya ɗaura sabuwar ƙugiya, ya zaɓi ɗaya cikin ƙananan dalmar nan. Ta farko ta yi rashin nauyi, iska ta riƙa jan zaren, bai ji ƙasa ba. Ya canja, ya sa wadda ta ɗan fi ta. Wannan ta sauka, ya ji ta ƙwanƙwasa dutse a yatsansa. Ya yi mata ƙulli ɗaya, sako-sako. Ranar bai kama kome ba. Washegari ma haka. Sauran masunta suna wucewa suna yi masa ba'a, suna cewa ƙato ya koma ɗinki da zare. Ya ci gaba da jefa fatsarsa.

A rana ta uku aka sake ja. Kifin ya zabura, Zakka ya sakar masa zare. Ya tsaya, Zakka ya naɗo kaɗan. Ya sake zabura, Zakka ya sake sakar masa. Can sai zaren ya tsaya cak kamar wancan karon, dalma ta maƙale. Zakka ya ɗaga hannu a hankali. Sai ya ji wani ɗan motsi, ƙullin ya zame, dalmar ta zauna a dutse, kifin kuwa yana nan a ƙugiya. Ya yi ta lallaɓa shi har hannunsa ya yi tsami, har kifin ya gaji ya taso ya kwanta a gefen jirgi. Ya sa hannu biyu ya ɗauko shi. Tsawonsa ya kai daga kafaɗar Zakka zuwa yatsunsa.

Ranar gidan suka ci suka ƙoshi, aka kai wa Keziya kan kifin. Zakka bai sayar da jirginsa ba, da haka ya ciyar da iyalinsa har ruwan sama ya sauka.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: kifin nan shi ne mutumin da ya yi nisa da kai, ko ya yi nisa da Ubangiji. Ɗanka ne da ya daina zuwa sujada. Ƙanwarki ce da kuka yi shekara biyu ba ku gaisa ba. Zare mai kauri shi ne faɗa, da gori, da tona asirin mutum a gaban jama'a. Wanda zuciyarsa ta ji ciwo yana hango wannan zaren tun daga nesa, ya juya. Siririn zare kuwa magana ce mai taushi. Ba rashin ƙarfi ba ne, sai dai ba a fizgarsa.

Dalma ita ce girmanka: shekarunka, matsayinka na uba, ko na yaya, ko na dattijon ikilisiya. Tana da amfani, ita ce take kai ka inda mutumin yake, har ya zauna ya saurare ka. Amma akwai lokacin da za ta maƙale. Shi ne lokacin da zuciyarka za ta ce, “Ni ne babba, sai ya fara ba ni haƙuri.” In ka ƙulle wannan ƙulli uku, za ka rasa mutumin, girman ma ba zai dawo hannunka ba. Ku lura, ban ce a saki gaskiyar Allah ba. Ita ce ƙugiya, a ɗaure take tamau. Girman kanka ne za ka ɗaura sako-sako. Ubangiji Yesu ma ya ajiye ɗaukakarsa ya sauko har inda muka ɓuya, don ya fito da mu.

Wataƙila ka taɓa zuwa, aka rufe maka ƙofa. Wataƙila kin yi magana, aka yi miki dariya. Kowannenmu ya san sunan mutumin da ya zo masa a rai yanzun nan. Kada Lahadi mai zuwa ta same ka ba ka taka ƙofar gidansa ba. In ya ƙi fitowa, ka yi sallama, ka gaishe shi, ka koma gida ka yi masa addu'a. Sa'an nan ka sake zuwa.