Lambar Sirrin da Aka Bar wa Muzammil

An yi wani mutum a Agiye, a shekarar da soja suka ce za su mayar da mulki ga farar hula. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana nan da ransa, kuma abin da ya same shi ya ishe shi. Fataucin aya da wake yake yi, Allah kuma ya sa masa albarka a ciki. Ba mashayi ba ne, ba ya neman matan mutane, sahun farko ba ya wuce shi. Abu ɗaya ne ya kayar da shi: bakinsa ba ya iya furta "ban sani ba".

Bai taɓa shiga lakol ba, wato makarantar boko. Wannan ba laifi ba ne, da yawanmu a nan ba mu shiga ba. Amma shi a yawon kasuwanci ya tsinci 'yan kalmomin Faransanci, ya sayi tabarau, ya soke alƙalami a aljihun gaba, har mutanen gari suka ɗauka mai ilimin boko ne. Bai ce musu haka ne ba, bai kuma ce ba haka ba ne. Mutum biyu kaɗai a garin suka san gaskiya, matarsa Saudatu da babban ɗansa Muzammil, wanda ke kwaleji, shi ke karanta masa duk saƙon da ya shigo salularsa.

Da aka buɗe fagen siyasa, 'yan jam'iyya suka tsayar da shi takarar konseye, wato kansila. Suka ce gari na son wanda zai shiga buro, ofishin hukuma, ya karanta takarda da kansa. Ya gyara tabarau ya ce ya karɓa.

Sai ya ga gidan ɗan takara bai kamata ya zauna haka ba. Ya tafi Maradi da 'yan rakiyarsa, ya sayi tele da parabol, farantin nan da ake kafawa a kan soro. Ya sayi kwamfuta da ɗan abin da ake soka mata ta shiga intanet, ya ƙara da salula ta cikin gida.

Mai kantin mutum ne mai tsoron Allah. Ya tambaye shi ko akwai yara a gidan, ya ce akwai. Mai kanti ya ce, "To Alhaji, kowane daga cikin kayan ga yana da makulli. Tele ana rufe tashoshin da ba su dace ba. Kwamfuta ana yi wa yara tasu ƙofa daban, ka zaɓi inda za su shiga da inda ba su shiga, da wanda za su yi magana da shi. Ga su nan a rubuce, duba ka zaɓa, sannan ka sa lambar da kai kaɗai ka sani."

Ya juyo masa da fuskar kwamfutar. Rubutu ne jere, duk Faransanci. 'Yan rakiya na tsaye a bayansa suna leƙe.

Ya 'yan uwa, me zai rage masa da ya ce, "Karanta mini"? Me zai rage masa da ya koma shi kaɗai washegari? Ya dubi rubutun ya daɗe, yana gyaɗa kai kamar mai nazari, sannan ya ce, "Bar shi, na san shi. In na je gida ni yi da kaina."

Da ya isa gida ya kira Muzammil ɗaki ya rufe ƙofa. Ya ce masa ya rufe duk abin da bai dace ba a tele da kwamfuta da salula, ya sa lamba, kada ya gaya wa ƙannensa. Yaron ya ce, "Baba, wace lamba za a sa?" Ya ce, "Wadda ka ga dama." Bai tambaye shi mece ce ba. A ganinsa ƙanana ake tsaro, shi Muzammil ai ya yi hankali, shekararsa goma sha biyar.

Yaron bai yi ha'inci ba a ranar. Ya rufe wa ƙannensa komai tsaf. Ƙofa ɗaya ce ta rage a buɗe, ita ce ta mai riƙe da lambar.

Daga nan mutumin ya samu abin faɗi a majalisa. Ko ina ya zauna sai ya kawo zancen. Ya ce iyayen yanzu sakarkaru ne, suna zuba wa yara na'ura ba tsaro, shi kam gidansa a kulle yake ciki da waje. Har a taron kamfe ya faɗa, aka tafa masa.

Muzammil yaro ne mai son ƙwallo, kuma ya iya. Kullum in ya taso daga lakol sai ya shige ɗakin baƙi inda kwamfutar take. A intanet ya haɗu da wani mutum da ya ce shi wakili ne mai kai yara ƙasashen Turai su buga ƙwallo. Ya nemi hotunansa, ya yaba masa, ya ce irinsa bai kamata ya ƙare a filin Agiye ba. Ya ce kada ya gaya wa iyayensa tukuna, don iyaye ba su gane irin wannan sai sun ga sakamako. Yau magana, gobe magana, har yaron ya fi yarda da wanda bai taɓa gani ba a kan ubansa, wanda dama ba ya zama gida.

Uwa ce ta fara lura. Saudatu ba ta kiran sunan ɗan fari, sai ta ce, "Malam, yaron ga ya canza. Ba ya ci da ƙannensa, in na shiga ɗakin nan sai ya rufe abin da sauri. Ka duba mi yake yi a ciki."

Ya ce, "Karatu yake. Ai an kulle."

Ta ce, "Wa ya kulle?"

Ya ɗauki hularsa ya fita, ana jiransa wurin kamfe a garin Gazawa.

Bayan ita, wansa Nomau ya zo daga Gidan Sori. Ya ja shi gefe ya ce yaron ya tambaye shi yadda ake cire takardar shaidar ɗan ƙasa ba tare da uba ba, kuma tambayar ba ta kwanta masa ba. Mutumin ya yi dariya ya ce, "Yaya, ku na ƙauye komi tsoro yake ba ku. Lakol ce ta nema." Nomau ya hau amalankensa ya koma.

Allah ya aiko masa da gargaɗi ta bakin matarsa, ya sake aiko masa ta bakin wansa. Abin da ake nema gare shi kaɗan ne, ya zauna kusa da ɗansa ya ce a nuna masa. Amma in ya zauna me zai gani? Dole sai ya kira wani ya karanta masa, wanin nan kuma yana da baki, zaɓe ga shi ya matso.

Wata ranar kasuwa da hantsi, Muzammil ya ce wa uwarsa suna da wasa a Gazawa, ya ɗauki babur ɗin gida ya fita. La'asar ta yi, bai dawo ba. Aka tambayi abokansa, suka ce babu wani wasa. Washegari aka samu babur ɗin a tashar Maradi, ya bar shi wurin mai gadi. Salular gida kuma ba a gan ta ba.

Jandarma suka zo gidan. Zaure ya cika da maƙwabta da 'yan jam'iyya masu jaje. Babban jandarman ya ji bayanin Saudatu ta bayan labule, sai ya sa aka fito da kwamfutar. Ya ce in an ga da wa yaron yake magana, ana iya tare hanya tun bai yi nisa ba. Aka kunna, ta nemi lamba. Ya tura ta gaban maigida ya ce, "Alhaji, buɗe muna."

Mutumin ya zauna yana kallonta, mutane suna kallonsa. Ya ɗora yatsa ya ɗauke. Can ya ce, "Ban san lambar ba."

"Ba kai ka sa ba?"

"Yaron ya sa."

"To mi ka rufe, mi ka bari?"

Ya cire tabarau ya ajiye a kan tabarma. Ya ce, "Ban iya karatun ba. Ban taɓa iyawa ba."

Babu wanda ya yi dariya. A cikin gida aka ji kukan Saudatu.

Sai da aka kai kwamfutar Maradi aka nemo mai fasa makulli, abin ya ci kwanaki. Da aka buɗe aka ga komai, tun daga gaisuwar farko har ranar da aka ce masa ya taho. Sunan wakilin na ƙarya ne, lambar wayarsa a kashe. Wani direba ya ce ya ga yaro mai kama da shi a babbar motar da ta nufi Agadas. Wani ya ce ba shi ba ne. Iyakar labarin da aka samu ke nan har yau.

Zaɓe kuwa ya ci. Mutane sun tausaya masa suka jefa masa ƙuri'a, ya zama konseye. Ya yi shekarunsa a kujerar, ana karanta masa takarda yana dangwala hannu, ba ya ɓoyewa. In salularsa ta yi ƙara da baƙuwar lamba, sai ya ɗauka da sauri, ko ɗansa ne.

Ya 'yan uwa, ban kawo muku wannan don ku tsani na'ura ba. Ta riga ta shiga gidajenmu, ba ta fita. Makullan nan da ake sa mata suna da amfani, ku sa su, a tele da kwamfuta da kowace salula da yaro ke taɓawa. Amma ku zaɓa da kanku, ku riƙe lambar da kanku, babba da ƙarami duk a ƙarƙashin tsaronku suke. Wanda bai iya ba ya nemi amintacce ya ce a koya masa. Rashin sani ba zunubi ba ne, girman kan da ke hana tambaya shi ne zunubin. Kuma ko kun kulle, ku zauna da 'ya'yanku ku ji da wa suke magana. Amana ce aka ba ku, za a tambaye ku ita, ranar da babu ɗan rakiyar da za a ji kunyarsa.

Ya Allah, ka mayar wa Saudatu da ɗanta in yana raye, ka yi masa rahama in ya riga mu. Ka cire mana girman kai daga zukatanmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye mana zuriyarmu. Amin.